Bangon Gabas da Muka Hana Kawu Yaɓewa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, magini, ya rasu ranar Talata da hantsi a ƙauyenmu da ke ƙasar Gwandu, ta hanyar Masama. Ina Kalgo cikin shagona na cajin waya labari ya iske ni. Kafin in sami mota in iso, an riga an kai shi makwancinsa. Ko ƙasar kabarinsa ban samu na zuba ba.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, gari duk ya hallara. Na zauna na kasa kunne. Ƙanen mai gari ne ya fi kowa magana. Yana share ido da bakin rawani yana cewa, "Wallahi mun yi rashi. Makarantar garin ga shi ne uwa, shi ne uba." Wani ya ce bai taɓa ganin mai son karatun yara irinsa ba, ga shi ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Wani ya ce ai irinsu sun ƙare. Kowa ya faɗi tasa sai a amsa da "haka ne, haka ne." Hedimasta kaɗai ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma.

Kashegari Arɗo ya zo daga ruga. Aka matsa masa wuri, ya ƙi zama. A tsaye ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ashe kun san shi? Ni na ɗauka baƙo ne garin ga." Ya saɓa sandarsa ya tafi. Babu wanda bai gane ba.

Ni kuwa tawa ta fi muni. Da na shiga cikin gida in yi wa mahaifiyata gaisuwar ɗan'uwanta, ta ɗago ido ta dube ni a gaban mata ta ce, "Ka zo ɗaukar hoto?"

Abin da Arɗo da mahaifiyata suke nufi shi zan rubuta a nan. Ba na son a binne Kawu sau biyu, sau ɗaya da ƙasa, sau ɗaya da yabon mutanen da suka wulaƙanta shi yana raye. Kuma cikin mutanen nan ni ne na gaba.

Makarantar firamaren ƙauyenmu gini biyu ne. Akwai na bulo mai aji biyu. Akwai kuma na ƙasa mai rufin kwano, shi ma aji biyu, wanda iyayenmu suka gina da gayya tun kafin in isa shiga makaranta. Kawu ne ya ɗora tubalinsa na farko, kuma tun daga ranar bai sake shi ba. Ba wanda ya naɗa shi. Ba ya cikin kwamitin iyaye, ba malami ba ne, 'ya'yansa sun daɗe da gamawa. Amma in ka wuce ta makaranta da sassafe za ka gan shi yana zagaya ginin, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, kunnensa a manne. In wuri ya yi ƙarar ƙwarya sai ya zana masa alama da gawayi. Yara suna yi masa dariya, suna cewa Kawu na sallama da bango. Yakan ce, "Shi dai yana amsawa. Ku in an yi muku sallama sai ku buɗe baki kamar 'yan tsaki."

Ba zan ce mutum ne mai daɗin baki ba, ƙarya ba ta da amfani ga mamaci. Masifaffe ne. Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "raggo". Ya taɓa korar wani sabon malami daga aji ana tsakiyar darasi, don ya iske shi yana buga ƙusa a bango zai rataye taswira. "Kai malam, a gidan ubanka haka kake huda bango?" Sai da hedimasta ya shiga tsakani. Kwana biyu ba sa gaisawa. Rana ta uku sai ga Kawu da wani katako da ya feƙe, ya dasa shi a bangon yadda ba zai yi lahani ba, ya yaɓe gefensa, ya ce da malamin, "Rataye duniyarka nan." Suka zama aminai har aka yi wa malamin canjin wuri.

Akwai wata shekara da manyan 'yan mata suka riƙa ɗauke ƙafa daga makaranta. Malamai suka ce talla ce, iyaye maza suka ce lalaci ne. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ita ta gaya masa gaskiya: makarantar ba ta da makewayi, yara maza su zaga bayan gini, su kuwa 'yan matan da suka fara girma kunya suke ji. Kawu bai kira taro ba, bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauki jakinsa ya yi ta jidar ƙasa daga kududdufi. Cikin mako biyu ya tayar da ɗan kewaye mai ƙofar zana can gefen fili. Da aka tambaye shi na mene ne, sai ya ce, "Na masu hankali ne, ba naka ba." 'Yan matan suka dawo.

Babban aikinsa shi ne yaɓen shekara. Ruwan damina a ƙasarmu daga gabas yake dukan gini, don haka bangon gabas shi ke cin wuya. Da zafin bazara ya kankama, Kawu zai bi gari gida gida bayan la'asar yana buga ƙofa da sanda, yana sa ranar gayya. Kowane ɓangare ya san rabonsa. Masu jakuna su kawo ƙasa. Mata su jido ruwa. Mutanen Arɗo su kawo busasshiyar ciyawa da kashin shanu, don 'ya'yansu ma a nan suke karatu. Tsofaffi su tara ɓawon ɗorawa a yi makuba, wadda ake haɗawa da yaɓe don ruwa ya zame. Ran gayya yara su zage wando su shiga taka ƙasa suna ihu, a dama fura, a yi ta ba'a tsakanin manoma da makiyaya. Kawu yana kan tsani yana zagin kowa. Kafin azahar bango ya yi sumul. Haka muka tashi muka gani, har muka ɗauka bangon da kansa yake tsayuwa.

Yanzu ga laifina.

Na yi makarantar nan, na taɓa sakandare ban gama ba, na buɗe shago a Kalgo kusa da ƙofar jami'a. Don ina iya rubuta wasiƙa kuma ina zama cikin 'yan boko, sai gari ya sa ni sakataren kwamitin iyaye. Kaina ya kumbura. A shagon nan ne wata rana wani ya nuna mini hoto a waya: wani ƙauye ajinsu ya rushe, yara na zaune kan ɓaraguzai, hoton ya zaga duniya, aka zo aka gina musu sabo na bulo har da fenti. Ban san ƙauyen ba. Ban tambayi ƙauyuka nawa ne nasu ya rushe ba a gina ba. Na dai ɗauko maganar na kawo gida kamar na tsinto zinariya.

Aka kira taron iyaye a cikin ajin ƙasar kansa, manya suka lanƙwashe kan bencin yara. Na miƙe na ce, "Jama'a, mu ne ke cutar kanmu. Duk baƙon da ya zo duba makaranta sai ya ga bango sumul, ya ce waɗannan ba su da matsala, ya wuce gaba. Bana kar a yi yaɓe. A bar ginin nan ya nuna tsufansa. In ya faɗi, sai an zo an gina mana na bulo."

Wuri ya ɗauki guna-guni na jin daɗi. Na san dalili. Ba wayona ne ya burge su ba, gayyar ce ta ishe su.

Kawu na zaune bakin ƙofa. Ya ce, "To in ya hwaɗi, ɗiyan su zauna ina?"

Na ce, "Na ɗan lokaci ne, Kawu."

"Wa ya yi maka alkawari? Hwaɗa mini sunansa in tahi in gaishe shi."

Ba ni da suna. Ba wanda ya yi mini alkawarin komai. Mutumin kirki a nan zai ce "ban sani ba" ya zauna. Ni kuwa sai na ji idon mutane a kaina, na ce, "Kawu, zamanin laka ya wuce. Kai ne ka hana garin nan ci gaba. Kana son bangon nan ne don in babu shi ba wanda zai san da kai."

Aka yi dariya. Ina jin dariyar nan har yau, kuma zan iya nuna wurin da kowane mai dariya ya zauna. Ƙanen mai gari har da tafi. Hedimasta ya buɗe baki ya ce, "Amma dai a duba..." aka yi masa caa, aka tuna masa shi baƙo ne daga Maruda. Arɗo ya ce shi bai yarda ba, aka ce to shi kaɗai ne. Aka tashi a kan babu yaɓe.

Kawu bai ji ba. Wata Asabar da safe na zo gida hutu, aka ce mini ga shi can makaranta shi da jakinsa. Na iske ya kwaɓa 'yar ƙasa shi kaɗai, ya cike wata tsaga da ta taso daga gindin bangon gabas, iya inda hannunsa ya kai. Tsoho ne a lokacin, ba ya iya hawa tsani sai an riƙe masa, kuma ba wanda ya riƙe. Na ce ai gari ya hana. Bai kula ni ba. Sai na ɗauki fartanyarsa da ke yashe, na shiga kankare ɗanyen yaɓen a gabansa, don tsagar ta fito sosai in an zo dubawa.

Ya tsaya hannuwansa duk laka yana kallona. Na zaci zai zage ni, har na shirya amsa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi a hankali, "Cikin wanga ɗaki ka koyi rubuta sunanka. Kankare da kyau, kar ka bar saura." Ya wanke hannu a bokiti, ya kora jakinsa ya tafi.

Akwai magidanta uku a bakin rijiya suna kallo. Duk sun girme ni. Da ɗaya cikinsu ya zo ya kwaɗa mini mari, da ya yi mini gata. Ba wanda ya motsa. Dukansu uku na gan su a tabarmar makoki suna cewa irin Kawu sun ƙare.

Daminar farko bangon ya tsaya, saboda ƙarfin aikin shekarun baya. Allah ya gani, haushi na ji. In hadari ya haɗu ina Kalgo sai in bugo waya in tambaya, "Yaya ginin?" A ce yana nan. In yi tsaki. Mutum ya zauna yana fatan ɗakin karatun 'ya'yansa ya rushe, kuma yana kiran kansa sakatare!

Damina ta biyu ya faɗi. Ranar Juma'a ce da yamma, yara sun tashi tun kafin masallaci. Wannan rahamar Allah ce kawai, ba dabararmu ba. Da Alhamis ce da hantsi, da yanzu wani rubutun nake yi, ko kuma ina kurkuku. Bangon gabas ya kwanta ciki, ya danne benci, rufin ya karye ya biyo shi.

Na zo da gudu, ba don jaje ba. Ran Litinin na tara yara a kan ɓaraguzan. Na ce masu takalmi su cire. Na ce kar kowa ya yi dariya, su yi fuskar tausayi. Na ɗauki hoto ta kowane gefe. Hedimasta ya ce mini a kunne, "Wannan fa ba daidai ba ne." Amma shi ya jera su. Kawu yana can nesa gindin darbejiyar makaranta, dogare da sanda, yana kallo. Mahaifiyata ma ta gani, da tulu a kanta. Hoton da take nufi ke nan.

Na tura hotunan ko'ina. Na rubuta wasiƙu, na kai Gwandu, na bi duk wanda aka ce yana da hanya. Sau ɗaya wasu mutane suka zo a farar mota, suka auna, suka ci kaji, suka ce za a ji daga gare su. Ba na ganin laifinsu kamar yadda nake ganin namu. Su ba su rushe mana aji ba. Mu muka rushe abinmu da hannunmu, muka zauna jiran baƙo.

Ga abin da ya biyo baya. Aka cusa yaran aji huɗu cikin ɗaki biyu, sauran aka kai su gindin bishiya. Hadari na tasowa sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya gudu gida. Mutanen Arɗo suka fara janye nasu, suka ce ba za su sa yaro ya taka wannan tafiya daga ruga don ya zo ya zauna ƙarƙashin itace ba, itace akwai shi a daji. Manoma suka bi, suka ce gara gona. Gari kuma ya far wa gawar ginin. Ƙanen mai gari, wanda ya fi kowa kuka a makoki, kwanon ajin yana kan garken awakinsa yanzu haka. Katakan suka bi dare ɗaya ɗaya. Ƙasar bangon ma aka riƙa kwasa da baro ana cike tsakar gida.

Ni kuma me na yi? Na kwashe 'ya'yana mata biyu na kai su Kalgo, na sa su makaranta mai rufi da benci. Na ce don su kasance kusa da ni ne. Na kunna wa 'ya'yan mutane wuta na janye nawa.

Da ciwon Kawu ya yi tsanani na je duba shi, da niyyar in durƙusa in nemi gafara. Tun daga Kalgo nake haɗa kalmomin a mota. Na iske ɗakin da mutane. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya gane ni, ya yafito ni da hannu. Na matsa, na ɗauka maganar da ke tsakaninmu zai tayar. Sai ya ce, "Sakatare, ka hana su kwashe ƙasar nan. Tsohuwar ƙasa ta hi sabuwa ƙarhi. In an tashi gini da ita za a fara." Ko a nan bango yake tunani. Na dubi mutanen da ke ɗakin, girman kai ya hana ni durƙusawa, na ce, "To Kawu, Allah ya sawwaƙe." Na fita don kar mota ta bar ni. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ran addu'ar bakwai, bayan an shafa, ƙanen mai gari ya gyara murya ya ce yana da shawara. In Allah ya kawo sabon ginin bulo, a rubuta sunan marigayi a jikinsa da fenti. Aka ce madalla, madalla. A nan abin ya ƙwace mini. Na miƙe na ce, "Wane gini? Wa zai kawo shi? Mun hana shi yaɓe bango yana da rai, yanzu za mu ba shi bangon da babu? Ni na zage shi a taro, kun yi dariya. Ni na kankare yaɓensa, kuna kallo. Kai kuma, Baba, a fara da kwanon da ke kan awakinka."

Ya ce, "Kai yaro, a makoki?"

Na ce, "A makoki. Shi ma a gaban jama'a munka ci mutuncinsa."

Liman ya ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Na ce Allah bai hana mu kwaɓa ƙasa ba. Na sa gayya ran Asabar, na ce za a tayar da ajin kafin ruwa ya sauka, wanda zai zo ya zo.

Ba gari ne ya zo ba. Hedimasta ya zo da malamai biyu. Arɗo ya zo da mutanensa da jakuna. Mata sun fi maza yawa. Kwanon ya dawo, an ajiye shi bakin fili ba sallama. Muka farfasa abin da ya rage na tsohuwar ƙasa, muka ƙaro sabuwa, muka zuba ruwa da ciyawa, muka taka. Sai hedimasta ya tambaya, "To kwana nawa ake barinta ta ruɓa kafin a fara tubali?" Muka dubi juna. Wani ya ce uku, wani ya ce bakwai, wani ya ce ai Kawu ne ke faɗa. Shekara da shekaru muna miƙa masa ƙasa yana kan tsani, babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake ganewa.

Mahaifiyata ce ta ce in akwai wanda ya sani, Inna ce, don ita ke taya shi kwaɓi a gida tun suna da ƙuruciya. Amma Inna tana takaba, ba ta fita. Don haka kowace safiya nake ɗibar ƙasar a ƙwarya in kai ƙofar ɗakinta, in durƙusa in tura ta ƙarƙashin asabari. Ran farko na ce, "Inna, ki yafe mini abin da na yi wa Kawu." Ta ja ƙwaryar ciki. Sannan ta ce, "Ba ni ka kankare wa yaɓe ba." Ta turo ƙwaryar waje da shatin yatsunta a jikin ƙasar, ta ce, "Da saura. A ƙara ruwa, a sake takawa."

Na rufe shagon Kalgo, na dawo da 'ya'yana, suna gindin bishiya tare da na kowa. Yau kwana biyar ina kai ƙwarya, kwana biyar tana cewa da saura. Jiya da la'asar gabas ta fara haɗa gajimare. Ban sani ba ko za mu riga ruwa.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi inuwar da ya nema wa 'ya'yan mutane. Wanda zai yafe mini ya tafi, sai mun haɗu a gabanKa. Kafin nan, Ka jinkirta mana ruwan bana ko da mako uku ne.